Taku na Uku

Almustafa ya lashi babban yatsansa, ya goga a jikin ɗamarar, ya duba. Launin ruwan ƙasa ya ɗan fito. Ya sake gogawa da ƙarfi, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ɗago ya kalli yarinyar da ta miƙo masa ita.

"Wannan rini ne," ya ce.

"Rini ne, Metir."

Au, ko musu ba za ta yi ba! Shi fa tela ne, shekara talatin yana kan keke a kasuwar Tawa, ko ido rufe aka ba shi ƙyalle ya san wanda ya fito daga kamfani da wanda ya fito daga tukunya. Karate kuwa da yamma yake koyar da shi, a wani fili mai rufin kwano a bayan gidansa, inda ake ce wa malami Metir. Shekara ashirin da biyu ke nan, amma bai taɓa ganin an zo masa da ɗamarar gida tsakar rana ana neman sa hannunsa ba.

Kuma a rasa ranar da za a zo sai yau. Alƙalai uku sun iso daga Yamai tun jiya, bayan la'asar za su zauna su gwada masu neman baƙar ɗamara. Ba a taɓa kawo jarrabawar nan Tawa ba. Almustafa yana da almajirai bakwai da zai gabatar, su ne na farko tun da ya buɗe kulob ɗinsa. Ɗamarun launi malamin kulob ne ke ba da su, kowa da irin nasa awo, amma baƙar sai alƙalai. Ba kuma wanda zai tsaya gabansu sai malamin kulob mai rajista ya sa masa hannu, takardar sunaye kuma da azahar za a karɓe ta. Duk wanda ya yi abin kunya a filin nan, sunan mai sa hannun za a tuna.

"Sunanki?"

"Lailatu. Daga Kalfu nake, ina koyarwa a makarantar firamare. Metir Manzo ne ya aiko ni, ga takardarsa."

Da jin sunan Manzo, Almustafa ya yi kicin-kicin da fuska. Ya karɓi takardar da yatsu biyu. Fallen littafin 'yan makaranta ne, an rubuta da jan bik, babu tambari babu komai. Wai yana gaishe shi, wai yarinyar ta cika duk abin da ake nema, wai tunda makarantarsa ba ta da rajista, don Allah ya sa mata hannu.

Ta cika duk abin da ake nema! A awon wa? A wurin Almustafa, daga farar ɗamara zuwa mai ruwan ƙasa, wadda daga ita sai baƙa, shekara biyar ce cur, ko ɗan gwamna ne kai. Kowace ɗamara da nata katoci, wato jerin taku da duka da karewa da mutum zai haddace ya yi shi kaɗai kamar yana faɗa da mutanen da ba a gani. Ga faɗa da abokin gwaji, ga gudu, ga littafin halarta da ba ya yafe fashi. Akwai wani tsohon soja can gefen gari da ke canza wa yara ɗamara duk wata uku kamar mai canza labule, Almustafa ko gaisuwar kirki ba ya yi da shi. To shi wancan ma a cikin gari yake, ana ganin abin da yake yi. Manzo fa? An ce a kan yashi yake koyarwa, bayan gari. An ce da damina rufe makarantar yake yi kowa ya tafi gona, sai an gama girbin hatsi ya tara su ya raba ɗamaru. Wannan makaranta ce ko gayya?

"Wa ya rina miki?"

"Wata tsohuwa ce a garinmu, Inna Mariama. Ɗamara ɗaya kowa yake da ita tun daga farko. In ka ci gwaji, Metir da kansa zai karɓa ya kai mata. Kafin ta tsoma, takan ɗaure bakin da zare don tsohon launin ya saura. Duba nan."

Ya duba. A ƙarshen ɗamarar ga zobba siri-siri a jere: fari, rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗi. Aikin ya yi kyau, wannan kam bai musa ba. Amma shi da ya san rini, ya san mace mai wayo za ta iya jera zobban nan duka a yini ɗaya, ta shanya, ta ci tuwonta.

Abin da ke cin sa daban ne. Shi da Manzo tare suka koya, a hannun marigayi Metir Abdulrahim. Da malamin ya rasu suka yi sa-in-sa kan wanda zai riƙe ajin, maganganu marasa daɗi suka fita, Manzo ya tattara ya koma Kalfu. Shekara ashirin da biyu, in sun haɗu a jana'iza su gaisa, shi ke nan. Yau kuma rana tsaka, ranar da idon Yamai ke kansa, sai ga aike. Ina dalili? Ya sa hannu, yarinya ta je ta watse a gaban alƙalai, a ce ai 'yar kulob ɗin Almustafa ce. Manzo na can ƙauye yana dariya. Wallahi ya san halinsa.

"Sa kayanki," ya ce. "Ni ba na sa hannu a kan takarda. A kan abin da idona ya gani nake sawa."

Ta shiga cikin gida wurin matarsa ta canzo, ta fito da kimono wanda wanki ya cinye wuyansa, da ɗan ƙaramin hijabi baƙi da ta cusa cikin rigar. Almajiransa bakwai, da suka zo bitar ƙarshe tun da safe, suka ja baya suka jingina da bango.

Ya fara da duka da karewa. Ya ƙirga da sauri don ta rikice, ba ta rikice ba. Ya ƙirga a hankali don ƙafarta ta yi rawa, ƙafar nan kamar an dasa ta. Ya haɗa ta da Rukaiya, wadda ta fi kowa zafin hannu a 'yan matansa, Rukaiya ta dawo tana haki tana murza haƙarƙari. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ransa ya ƙara ɓaci. Lallai an shirya yarinyar nan. Wanda zai haɗa maka tarko ai ba zai aiko da gurguwa ba, aibin yana can ɓoye inda ba za ka duba ba sai a gaban mutane.

"Basai Dai," ya ce.

Ita ce katar da alƙalai suka ce bana kowa sai ya yi. Lailatu ta rusuna, ta faɗi sunan katar da ƙarfi, ta fara. Almustafa ya bi ta da ido yana ƙirga kowane motsi a zuci. Ta zo wurin da ake karewa da gefen hannu ana matsawa gaba. Taku ɗaya. Taku biyu. Na uku, sai ta wuce gaba sambal, a miƙe.

"Tsaya!"

Har wani sanyi ya ji a ransa. Ga shi nan, ya kama.

"A taku na uku ina ake zuwa?"

"Gaba, Metir."

"Gaba! Ji min yarinya. A na uku ana kaucewa hagu, sannan a kare. Muktari, fito ka nuna mata."

Muktari shi ne babban almajirinsa, bakanike ne, shekararsa goma sha ɗaya a kulob ɗin. Ya fito kansa a ƙasa, ya yi taku biyu, ya zame hagu a na uku, ya kare, ya koma jikin bango ba tare da ya kalli kowa ba.

"Kin gani?"

"Na gani, Metir. Amma mu a miƙe aka koya mana."

Ta faɗa da ladabi, idonta a ƙasa, sai dai ba ta janye ba. Almustafa ya zaro waya daga aljihun rigarsa da ke rataye, ya fita ƙofar gida. Lambar tana nan, bai taɓa kira ba, bai kuma taɓa gogewa ba.

"Salamu alaikum. Manzo, ni ne."

"Almustafa! Ɗiyata ta iso lafiya?"

"Ta iso. Kai, tsakaninka da Allah, me na yi maka da za ka aiko min yarinyar da ba ta san Basai Dai ba, a ce in sa mata hannu? A taku na uku ta wuce gaba kamar mai zuwa rijiya."

Sai kuma dariya, irin wadda take fara fita ta hanci. Almustafa ya ji kamar ya maka wayar da ƙasa.

"Wayyo Almustafa. Kana nufin har yanzu kaucewa kuke yi?"

"Yadda Metir ya koya mana nake koyarwa. Ni ban canza komai ba."

"To ai ginshiƙi ne."

"Wane ginshiƙi?"

"Na tsakiyar ɗakin da muka koya, bayan tasha. In ka wuce gaba a na uku, da shi za ka yi karo. Shi ya sa Metir yake cewa mu kauce. Ni ma sai da na je wani horo a Yamai aka yi min dariya na gane. Na aiko maka saƙo a lokacin, aka ce ka ce ba ka son jin komai daga bakina."

Almustafa ya kashe wayar.

Ƙarya ce. Wannan shi ne tarkon, yanzu ya gan shi sarai. A bari sai saura 'yan sa'o'i, a sa shi ya canza wa yara abin da suka yi shekaru suna yi, su shiga gaban alƙalai ƙafa na gardama da ƙafa, su zube su bakwai. Kai, Manzo! Ashe abin har yanzu bai fita daga ransa ba.

Ya juya zai koma ciki, ƙafarsa ta tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin bayan tasha. Akwai ginshiƙi kuwa? Akwai. Har sukan rataya riguna a ƙusar da ke jikinsa. Amma don akwai ginshiƙi a ɗaki ba shi ne ya sa maganar Manzo ta zama gaskiya ba. Tasa jarrabawar da ya yi a Yamai tun yana saurayi, wata kata daban ya zaɓa, ba wanda ya ga Basai ɗinsa. Hotunan karate na cikin waya kuwa ya hana su a kulob ɗinsa tuntuni, ya ce kowane ɗan iska yana iya sa farar riga ya yi tsalle a ɗauke shi. Ba zai fara yau ba, ba kuma a gaban yara ba.

Ya leƙa ciki ya ce wa Muktari su ci gaba da bita, ya zura doguwar riga a kan kimono, ya hau moto.

Rana ta riga ta yi zafi, irin na bazara mai sa kwalta ta yi laushi. Ya ratsa ta gefen kasuwa, ya bi bayan tasha inda manyan motoci ke lodin albasa. Ɗakin yana nan, an canza masa ƙofa, an mai da shi ma'ajiyar albasa. Mai wurin, wani ɗan kasuwa da ake kira Ciɗo, yana zaune a kan benci yana fifita da kwali. Almustafa ne ke ɗinka masa kayan salla.

"A'a, tela da kansa! Albasa ake so?"

"Ɗakin nake so in gani. Minti biyar."

Ciɗo ya kalli farin wandon da ya leƙo ƙarƙashin rigar, ya kalli fuskarsa, ya ga ba fuskar wasa ba ce. Ya tashi ya buɗe.

Warin albasa ya buge shi har idonsa ya kawo ruwa. An jera buhuna ta gefe biyu, an bar hanya a tsakiya. Ɗakin ya yi masa ƙanƙanta ƙwarai, da can gani yake kamar fili ne. Ga ginshiƙin nan tsaye, na siminti, har da ƙusar.

Ya cire takalmi. Ya san inda ake farawa, daidai ƙasan ƙaramar tagar gabas, nan Metir yake tsayar da mai yin kata, saura su zauna jikin bango. Ya ja buhu biyu gefe, ya tsaya, ya rusuna wa ba kowa, ya fara. Jikinsa ya ɗauka da kansa. Da ya iso wurin, taku ɗaya, taku biyu, ya zame hagu, ginshiƙin ya wuce ta gefen kafaɗarsa ta dama, tazarar bai fi tafin hannu ba.

Ya tsaya cak. Amma ya ce a ransa wannan ba hujja ba ce, dacewa ce kawai. Ya koma ƙarƙashin taga ya sake, wannan karon yadda yarinyar ta yi. Ɗaya. Biyu. Ya tilasta wa ƙafarsa ta wuce gaba.

Gwiwarsa da gefen hannunsa suka daki siminti lokaci guda, ƙum!

"Subhanallahi! Tela, lafiya?" Ciɗo ya faɗa daga bakin ƙofa. "Faɗa kake da ginshiƙina?"

Almustafa ya dafe hannunsa. Yana tsaye riƙe da hannun, muryar Metir Abdulrahim ta dawo masa tar, da 'yar shaƙewarta: "Kauce! Kauce nan!" Bai taɓa cewa haka katar take ba. Cewa kawai yake a kauce. A zamanin nan mutanen gari dariya suke musu, suna cewa masu faɗa da iska, shi ya sa malamin bai taɓa fitar da su bita a waje ba ko sau ɗaya. Shi kuma Almustafa ya ɗauki ginshiƙin nan ya kai shi filin bayan gidansa inda babu ko sanda a tsaye, ya sa yaran mutane suna kauce masa shekara ashirin da biyu. Har ya taɓa hana wani yaro koriyar ɗamara wata shida saboda ya manta ya kauce.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya sa takalmi, ya yi wa Ciɗo godiya a gajarce, ya fita.

Da ya dawo, saura kaɗan a kira azahar. Ya tarar da su zaune a inuwa, Lailatu can gefe ita kaɗai, ta naɗe ɗamararta ta ɗora a cinya, jakarta a kusa kamar mai jiran a sallame ta. Suka miƙe gaba ɗaya. Ya yafito Muktari zuwa bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Zan tambaye ka, kada ka yi min ƙarya. Taku na uku. Ka sani?"

Muktari ya kalli ƙasa, ya murza yatsunsa masu baƙin mai.

"Mun gani a waya, Metir."

"Ku wa?"

"Dukanmu."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu ke nan. Mun duba na mutane da yawa, ko za mu sami wanda yake yi irin namu. Ba mu samu ba."

"Shekara biyu! Ba wanda ya iya buɗe baki a cikinku?"

"Wa zai faɗa maka, Metir?"

Almustafa ya tsura masa ido. Wata tuhumar ta taso masa nan take: wato sun yi ta bita a ɓoye, yau su shiga gaban alƙalai su yi daidai, a bar shi shi kaɗai a benci bai san abin da ake ciki ba, gari ya ɗauka.

"To yau fa? Me kuka shirya yi a gaban mutanen Yamai?"

"Mun yi shawara jiya," Muktari ya ce. "Za mu kauce. Mu bakwai ɗin. In an kayar da mu, a kayar. Ba za mu tsaya a gaban baƙi mu nuna malaminmu bai iya ba."

Almustafa ya juya masa baya da sauri, ya tsaya yana kallon moto kamar akwai abin da ya lalace a jikinsa. Tun safe yake neman wanda zai ci amanarsa, ya duba ɗamara, ya duba takarda, ya duba Kalfu. Ga yara nan sun yarda su zubar da wahalar shekaru don kada a ga tsiraicinsa. Ya ji tausayinsu, ya ji haushin kansa, idonsa ya yi zafi, wannan karon kuma ba albasa a kusa.

Ya shiga ciki, ya ɗauko takardar sunaye daga cikin littafin halarta, ya ɗora a kan gwiwar da ke masa zugi. Ƙarƙashin na bakwai ya rubuta Lailatu, ya tambaye ta sunan mahaifinta, ya cika, ya sa hannu, ya buga tambari. Ya miƙa wa Rukaiya ya ce ta kai masaukin alƙalai yanzu-yanzu ta dawo.

"Saura ku jeru," ya ce. "Abin da na koya muku a taku na uku kuskure ne. Nawa ne, ba na kowa ba. Muna da daga yanzu zuwa la'asar, in an cire salla. Lailatu, ɗaura ɗamararki ki shiga gaba."

"Ni, Metir?"

"Akwai wata Lailatu a nan?"

Ta ɗaura, ta je ta tsaya inda shi yake tsayawa kullum. Almustafa ya cire doguwar rigarsa ya rataye, ya gyara baƙar ɗamararsa, ya taka ya shiga sahu, gefen Muktari. Yaran suka kalli juna.

Ta fara ƙirga, muryar can ƙasa, sannan ta ɗan daidaita. Suka bi ta. Ɗaya. Biyu. Uku. Matasa shida suka wuce gaba sambal, abin da suka daɗe da sani ne. Ƙafar Almustafa kuwa, ba tare da ta yi shawara da shi ba, ta zame hagu.

Lailatu ta gani, ta yi sauri ta kawar da kai tana kallon kwanon rufi.

"Ba ki gani ba ne?" ya ce.

"Na gani, Metir."

"To faɗi abin da malami yake faɗi."

Ta dube shi.

"A sake."

Ya rusuna mata, ya ja ƙafarsa ya koma wurin farawa.